Rina kod a cgit ɗinmu: littafin aiki

Asabar, 3 ga Fabrairu 2024

Jiya da daddare ɗaya daga cikin ɗaliban da ke taya mu aikin ƙamus ta turo min hoton allon wayarta. Fayil ne na Python mai layi kusan ɗari uku, duk baƙin rubutu a kan fari, ta zagaye wani wuri da jan layi ta rubuta: "Yaya, don Allah a ina sharhi ya ƙare, a ina kod ya fara?" Na duba, ni kaina da na rubuta fayil ɗin sai da na ƙura ido kafin na gane. Wannan tambayar ce ta sa na ƙudurta rina kod ɗinmu, wato ba kowane ɓangarensa launinsa a shafi, na kuma buɗe littafin nan.

Ga abin da muke da shi: ƙaramar sabar da muke haya, Debian 12 a kanta, nginx a gaba, fcgiwrap a tsakiya, sai cgit 1.2.3 da ke nuna rumbunan git ɗinmu, inda muke ajiye fayiloli da tarihin gyaransu, a burauza. Rumbunan guda huɗu ne: ƙamus na boko da ajami, shirye-shiryen Python da ke tace shi, ɗan kod na C na madannai, da rumbun takardu. Lars Hjemli ne ya fara cgit a 2006, daga baya Jason Donenfeld ya karɓi riƙonsa. An rubuta shi da C, ba ya da nauyi, kuma shafukansa suna buɗewa ko da intanet tana ja da ƙafa. Shi ya sa muka zaɓe shi tun farko, kuma ba na son launi ya ɓata mana wannan.

Hanya biyu ce a gabana. Ko dai burauzar mai karatu ta yi rinin da kanta, da irin su highlight.js ko Prism, ko kuma sabar ta rina ta aiko da shafin a gama. Na zaɓi ta biyun. Yawancin mutanenmu da waya suke shiga, wasu wayoyin ma sun kwana biyu, wasu kuma da Opera Mini suke buɗe shafi don tsimin data. Ɗora wa irin wannan waya aikin tantance fayil mai dubban layuka bai dace ba, alhali ga sabar zaune.

Litinin, 5 ga Fabrairu

cgit ba ya rina komai da kansa. Abin da yake yi shi ne ya miƙa abin da ke cikin fayil ga wani shiri na waje, ni ina kiransa rariya, ya karɓi abin da ya fito ya zuba a shafi. Yana zuwa da rariya biyu a shirye: ɗaya tana kiran shirin highlight na André Simon, ɗaya kuma tana amfani da Pygments, wanda Georg Brandl ya fara a 2006. Na ɗauki ta Pygments domin Python ce, kuma duk wanda ke ƙungiyarmu zai iya karanta ta ya gyara in ba na nan. Debian 12 tana da Pygments 2.14.

Na ƙara layi ɗaya a ƙarshen cgitrc, fayil ɗin saitunan cgit:

`source-filter=/usr/lib/cgit/filters/syntax-highlighting.py`

Na sabunta shafi, babu launi. Na duba izinin fayil, na sake tada fcgiwrap, na gwada rariyar da hannu a tasha ta fito da launi sumul, amma a burauza shiru. Sai bayan la'asar na koma littafin bayanin cgitrc na karanta sashen `scan-path`, layin da ke tattaro rumbuna, a tsanake. Ashe saitunan da suka zo kafin wannan layin ne kaɗai ke shafar rumbunan da ya tattaro. Nawa yana ƙasa da shi. Na mayar da shi sama, launi ya fito.

Na tura wa ɗalibar adireshin fayil ɗin nan dai. Ta amsa da cewa yanzu ta ga inda sharhin ya tsaya.

Asabar, 10 ga Fabrairu

Yau muka zauna bitar kod a shagon da muke haɗuwa, mu biyar, ƙurar hunturu ta lulluɓe tebur har sai da muka goge allon kwamfuta sau biyu. Ina karanta saƙon kuskure da ya ce matsalar tana layi na 41. Wani ƙanenmu ya buɗe fayil ɗin a wayarsa, ya taɓa lamba 41, ya miƙo min wayar.

"Yaya, nan ba komai sai `return`. Abin da kake faɗa yana 39."

Na buɗe a editana, yana 41. A shafin, yana 39. Gabana ya faɗi, domin wata biyu ke nan muna turo wa juna adireshin layi a hira, kowa yana dogara da lambar nan.

Da na koma gida na bi sawun abin. cgit yana ƙirga lambobin layi daga ainihin fayil, ya jera su a nasu gurbin na hagu. Rubutun kuma yana gurbin dama, kuma shi ne ke bi ta rariya. To Pygments yana da wani zaɓi mai suna `stripnl`, wanda a kunne yake in ba ka kashe shi ba, aikinsa share layukan da ba komai a farko da ƙarshen rubutu. Fayil ɗinmu ya fara da layi biyu wayam. Pygments ya cire su, rubutu ya hau sama da layi biyu, lambobi kuwa suna nan inda suke. Ga mai liƙa ɗan guntun kod a shafin koyarwa wannan zaɓi alheri ne. Ga mai nuna fayil daga rumbu, cuta ce.

Na kwafi rariyar zuwa wurin kanmu don kada sabunta Debian ya taka gyarana, na sa `stripnl=False`. Lambobi suka daidaita.

Abin ya tsaya min a rai fiye da girman gyaran. Kafin launi, shafin ba shi da kyan gani, amma duk abin da ya nuna gaskiya ne. Kwana biyar bayan launi, ya fara nuna wa mutane layin da ba shi ba. Daga yau sharaɗina ga duk wani gyara da zan yi a rariyar nan shi ne: abin da ya shiga shi zai fito, harafi da harafi, layi da layi, launi kawai za a ƙara. Na rubuta ɗan gwaji da ke cire alamomin HTML daga abin da rariya ta fitar, ya kwatanta da asalin fayil. Na bi da shi kan duk fayilolin rumbunanmu huɗu. Ya kama ƙarin guda ɗaya: wani tsohon fayil da aka gyara a kwamfutoci daban-daban yana da alamar komawa farkon layi ita kaɗai a tsakiyar wani layi, Pygments ya ɗauke ta a matsayin sabon layi, cgit kuwa bai ƙirga ta ba. Wannan fayil ɗin ne ke da laifi, sai muka gyara shi a rumbun.

Laraba, 14 ga Fabrairu

Saurin buɗewa ya ragu, ana ji a jiki. Dalili biyu na gano. Na farko, kowane shafi sai an tada Python daga farko. Na biyu, rariyar asali tana kiran `guess_lexer_for_filename`, wanda ke loda masu tantance harsunan Pygments gaba ɗaya, sama da ɗari biyar, kafin ya zaɓi ɗaya. Na musanya shi da `get_lexer_for_filename`, shi yana duba jerin sunaye ne kawai ya loda waɗanda wutsiyar sunan fayil, irin su `.py`, ta dace da su.

Sannan na kunna ma'ajiyar wucin gadi ta cgit, wadda a kashe take tun asali: `cache-size=1000`. Yanzu mutum na farko ne kaɗai ke jira, na bayansa suna samun shafin a dafe. Abin lura ga duk wanda zai gaje ni: shafin da aka buɗe da lambar wani komit takamaimai, wato gyaran da aka adana a git, ba ya tsufa a ma'ajiyar, saboda `cache-static-ttl` yana kan -1. In ka canza rariya, sai ka share abin da ke cikin /var/cache/cgit, in ba haka ba tsohon launi za ka ci gaba da gani.

Na kuma fitar da dokokin launi daga cikin shafi. Rariyar asali tana maimaita su a kowane shafin da ta rina. Na tattara su a fayil ɗaya na CSS da `pygmentize -S`, burauza ta sauke shi sau ɗaya ta adana. Data ce ta mutane, ko kaɗan ce.

Asabar, 24 ga Fabrairu

Wannan makon duka a kan ƙamus ya tafi, kuma nan ne aikin ya fi daɗi.

Fayilolin ƙamus ɗinmu tsarin kanmu ne: kalma a farkon layi, sai furucinta da alamun karin sauti, sai ajin kalma, sai ma'ana, sai rubutun ajami. Pygments bai san wannan tsari ba, don haka na rubuta masa mai tantancewa na musamman da `RegexLexer`. Layuka talatin ne ko ƙasa da haka. A zubin farko na siffanta kalma da `[a-zA-Z]+`, yadda hannu ya saba. Da na buɗe shafin harafin ƙ, sai na ga ja ya cika shi: duk ƙ, duk ɗ, duk ɓ, an sa musu jan launi a kan fanni mai ruwan hoda, wato alamar kuskure a salon pastie da rariyar ke amfani da shi. "ƙasa" ta zama jan ƙ da "asa" a gefe. Haruffanmu masu ƙugiya ba sa cikin a zuwa z na Turanci: ɓ tana U+0253, ɗ tana U+0257, ƙ tana U+0199, ƴ kuma da 'yan'uwanmu na Nijar ke rubutawa tana U+01B4. Na sauya zuwa `\w`, wanda a Python 3 yake karɓar duk abin da Unicode ta kira harafi. Jan ya tafi daga masu ƙugiya.

Bai tafi daga gurbin furuci ba. Mu ɗauki "gari". Gàrī na zama, gā̀rī na tuwo. Na farkon à ce, kuma Unicode tana da ita a dunƙule a matsayin harafi ɗaya. Na biyun a ce mai tsawo kuma mai karin ƙasa, wannan kuwa babu shi a dunƙule: sai an rubuta ā sannan a ɗora mata alama ta daban, U+0300. Irin waɗannan alamun da ake ɗorawa, `\w` na Python ba ya ɗaukarsu a matsayin harafi. Sakamakon shi ne kalmar ta tsage gida uku, alamar ta faɗa nata akwatin ita kaɗai, a wasu wayoyi ma ta zame daga kan wasalin ta tsaya a gefe. Kalmar da ke nufin garin tuwo ta koma wani abu da ba ya karantuwa, a cikin ƙamus, a daidai gurbin da aka yi don bambance ta da 'yar'uwarta. Na ƙara zangon U+0300 zuwa U+036F a ma'anar kalma, suka haɗe.

Sai alhamza. A fayilolinmu iri uku na samu: ta madannai ta yau da kullum, mai lanƙwasa da manhajojin rubutu ke sauya ta zuwa gare ta wato U+2019, da kuma U+02BC wadda Unicode ta lissafa cikin haruffa. Ta ukun ce kaɗai `\w` ke karɓa. Na sa mai tantancewar ya karɓi duka ukun a cikin kalma, domin aikinsa nuna abin da ke nan ne. Wacce za mu tsayar a ƙamus, wannan shawarar ƙungiya ce, na sa ta cikin abubuwan da za a tattauna.

Alhamzar ta sake ɓullowa ta wata kafa. Wani fayil na bayanin Hausa zalla da aka ba wa wutsiyar da ta yi kama da ta kod, Pygments ya ɗauke shi kod. Da ya iso "'yan makaranta", sai ya ɗauka an buɗe zance ne, ya rina komai da launin zance har zuwa alhamza ta gaba a cikin "ma'ana", layi huɗu a ƙasa. Daga nan na cire duk wani hasashe daga rariyar. In wutsiyar suna ba ta faɗi harshen ba, kuma layin farko bai fara da `#!` ba, a bar fayil baƙi da fari. Rashin launi ba ya ruɗa kowa, launin da ba daidai ba kuwa yana ruɗawa.

Asabar, 2 ga Maris

Wata wutsiyar harshe fiye da ɗaya ke amfani da ita: `.h` C ce, C++ ce, Objective-C ce. Haka `.pl` tsakanin Perl da Prolog, `.m` tsakanin MATLAB da Objective-C. GitHub tana warware wannan da Linguist, kuma mai rumbu yana iya faɗa mata harshen a .gitattributes. Rariyar cgit sunan fayil kawai ake ba ta, amma tana samun sunan rumbu ta `CGIT_REPO_URL`. Na yi ɗan jadawali a cikinta: a rumbun madannai, `.h` C ce. Layi uku, an wuce wurin.

Asabar, 9 ga Maris

Malamin da ke shigar mana da ajami ya zo da kwamfutarsa. Dattijo ne, ya shekara yana koyar da allo kafin ya koyi madannai, kuma idonsa ba ya barin wasali ya wuce. Ya buɗe wani fayil na Python inda muka jera haruffan ajami da takwarorinsu na boko, ya sa yatsa a allo.

"Ɗana, wannan waƙafin ba nan na sa shi ba."

"A ina kuka sa shi, Malam?"

Ya nuna bayan kalmar. A shafin ya koma gabanta, kuma kalmomin ajami biyu da ke jere a layin sun yi musanyar wuri. A fayil komai daidai yake. Burauza ce ke bin ƙa'idar Unicode ta rubutu mai fuska biyu: ta ga ajami, waƙafi, ajami, sai ta ɗauke su jimla ɗaya mai tafiya daga dama zuwa hagu, ta juya su tare. Wannan matsalar tana nan tun kafin launi, sai dai launin ya kawo maganinta, tun da yanzu kowane zance yana cikin nasa akwatin. Na sa wa akwatunan `unicode-bidi: isolate` a CSS, kowane ya juya a cikin kansa, layin kuma ya tsaya daga hagu zuwa dama yadda Python ke karanta shi. Malam ya duba layi goma a jere, ya ce madalla. Wasulan ajami, fatha da kisira da rufu'a, su ma alamun ɗorawa ne kamar na karin sauti, don haka na ƙara su a mai tantance ƙamus tun kafin su tsage.

Wannan ya tuna min da binciken Nicholas Boucher da Ross Anderson na Jami'ar Kambirij, wanda suka fitar a Nuwamba 2021 da sunan Trojan Source, mai lamba CVE-2021-42574. Sun nuna cewa da haruffan da ba a gani masu juya alƙiblar rubutu, U+202A zuwa U+202E da U+2066 zuwa U+2069, mutum zai iya sa kod ya bayyana a ido kamar yana cikin sharhi alhali kwamfuta tana aiwatar da shi. Mu da ke karɓar gudummawa mai ajami a ciki, ba wanda zai yi mamakin ganin rubutu ya juya a fayilolinmu, don haka mun fi wasu sauƙin ruɗuwa. Gyaran CSS ɗin bai isa kariya ba. Na sa rariyar ta maye gurbin kowane ɗaya daga cikin haruffa taran nan da lambarsa a fili cikin akwati mai rawaya. Wannan ne wuri ɗaya da na yarda abin da ya fito ya bambanta da abin da ya shiga, na kuma koya wa gwajina ya san da shi. Mai son ainihin fayil, mahaɗin plain yana nan a saman shafi.

Lahadi, 17 ga Maris

Azumi ya kama ranar Litinin, aikin ya koma bayan tarawih.

Abu biyu na tsaro. Wani ya tura fayil ɗin JavaScript da aka matse, layi ɗaya tak amma mai tsawon gaske, sabar ta yi ta nishi a kansa. Masu tantancewar Pygments da tsarin neman rubutu aka gina su, kuma irin wannan tsari yana iya faɗawa cikin lissafin da ba ya ƙarewa da wuri in ya gamu da rubutun da bai yi tsammani ba. An toshe irin waɗannan kafofi da dama a Pygments 2.7.4 a farkon 2021, amma ba zan ɗauka sun ƙare ba, balle a wanda na rubuta da hannuna. Na sa iyaka biyu: `max-blob-size=512` a cgitrc don iyakance girman fayil ɗin da za a nuna, da agogon daƙiƙa uku a cikin rariya. In lokaci ya cika, ta bar rini ta fitar da rubutun haka nan.

A nan ne na kusa yin ɓarna. Idan babu rariya, cgit da kansa yake kashe kaifin alamomi irin su `<` da `&` kafin ya sa su a shafi. Idan akwai rariya, ɗanyen fayil yake miƙa mata, nauyin ya koma kanta. A zubin farko hanyata ta gaggawa tana fitar da rubutun ɗanye. Da ta tafi haka, duk wanda ya iya tura fayil mai nauyi da HTML a ciki zai iya gudanar da kod a burauzar mai karatu. Na gani ne lokacin da nake gwadawa da fayil ɗin HTML, sai kan shafin ya fito da manyan haruffa maimakon kod. Yanzu komai yana bi ta `html.escape`, kuma rariyar ba ta rubuta ko harafi ɗaya sai ta gama aikinta, don kada rabin shafi ya fita rinanne rabi ɗanye.

Asabar, 30 ga Maris

Sharhi a salon pastie toka-toka ne, #888888. A ɗaki yana karantuwa, a waje da rana tsaka a allon waya ɓacewa yake. Bambancin haskensa da fari kusan 3.5 ne ga 1, ƙa'idar WCAG ta sauƙaƙa amfani da shafukan intanet kuwa tana neman 4.5 ga 1 ga rubutu na yau da kullum. A rumbunanmu sharhi shi ne inda Hausa take, nan ne sabon shiga ke fara karantawa, bai kamata ya zama mafi dusashewa a shafi ba. Na mayar da shi #595959. Na kuma sa Noto Sans Mono a gaban jerin salon haruffa, domin a wasu kwamfutoci ƙ da ɗ daga wani salo ake aro su, faɗinsu ya bambanta, jeri ya karkace.

Asabar, 13 ga Afrilu

An yi Sallah ranar Laraba, yau muka dawo. Tambayar da kowa ya zo da ita ɗaya ce: me ya sa shafin bambancin komit bai samu launi ba, sai kore da ja kawai?

cgit ba ya bi da wannan shafin ta rariya. Ko da yana bi, akwai matsala ta asali. Bambanci guntaye ne, layi uku a sama, layi uku a ƙasa. Guntun yana iya farawa a tsakiyar dogon sharhi ko tsakiyar zance mai layuka da yawa, mai tantancewa kuwa daga farkon abin da aka ba shi yake fara lissafi. Zai ɗauki Hausar da ke cikin sharhi a matsayin kod, alhamza ta farko ta sake buɗe masa zance. Hanyar da ta dace ita ce a rina tsohon fayil gaba ɗaya, a rina sabon gaba ɗaya, sannan a tsinto layukan da ake buƙata daga kowanne. Wannan yana nufin taɓa kod ɗin C na cgit kansa, da riƙe namu reshen duk lokacin da aka sabunta.

Mun tattauna, ra'ayi ya rabu. Ƙanen nan da ya kama kuskuren layi na 41 ya ce yana son gwadawa, don ya koyi C a kan abu na gaske. Na buɗe masa reshe, na nuna masa ui-diff.c da ui-ssdiff.c, na kuma ba shi gwajin kwatanta shiga da fita. Mun yi alƙawarin zama ranar Asabar 27 ga wata mu ga inda ya kai, kuma zai fara da fayilolin ƙamus kafin na Python.